Kawu da Rigar Kwamfuta

Ranar da muka binne Kawu na ji an yi masa ƙarya har ta ishe ni, kuma a cikin majami'a, gaban akwatinsa, inda ba shi da halin tashi ya kare kansa. Fasto ya ce bawan Allah ne mai tawali'u. Wani dattijon ikilisiya, wanda na san ya yi shekaru yana sauya hanya in ya hango Kawu, ya miƙe ya shaida cewa bai taɓa jin marigayin ya ɗaga murya ba. Wataƙila kunnen ne ya tsufa. Matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, suka rera waƙar masu haƙuri suna share ido da gefen zane.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, ita ma a waje, gindin mangwaro. Madam ce mai shagon kayan wuta ta bakin tasha, 'yar Ibo da aka haifa a kwatas ɗin reluwe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Tica, wannan kawu naka wahala ne! Kowane kaya na sayar masa, zai dawo ya ce jabu ne. Yanzu wa zai zo ya yi faɗa da ni?" Sai ta fashe da kuka, irin na gaske, wanda ba ya jiran a ɗauko waƙa.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In muka bar Kawu a hannun masu wa'azi, jikokinsa za su taso suna zaton kakansu wani salihin tsoho ne da ke zama a inuwa yana raba alewa. Ba haka yake ba. Mafaɗaci ne, mai ji da kansa, mai gardama ko da agogon bango. Kuma da ya zama mai haƙurin nan da suke yabo, da akwai wani gida a garin nan da ya watse.

Ƙanin mahaifiyata ne, autansu. Ya yi aikinsa a reluwe, sashen sigina da waya, har ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin. Mutum ne mai karatu. Littattafan injina yake karantawa yadda wasu ke karanta labarin soyayya, da jan biro a hannu, yana gyara wa Turawa Turancinsu a gefen shafi. Da kwamfuta ta fara shigowa gidajen mutane a shekarun casa'in, wata ɗa ya aiko daga Legas, wata mishan ya bari da zai koma ƙasarsu, wata malamin kwaleji daga Gidan Waya ya sayo ta hannu, Kawu bai tsaya jiran a koya masa ba. Ya sayi matacciya ya farke cikinta, ya yi ta zama da ita har ta gaji ta tashi.

Tambayarsa ta farko ga duk wanda ya kawo masa ƙara ba ta sauyawa: "Me ka yi kafin ta tsaya?" Amsar ma ba ta sauyawa: "Ban taɓa komai ba, Injiniya." Sai ya cire tabarau ya goge a hankali ya ce, "Tun da na fara aikin nan ban haɗu da wanda ya taɓa komai ba. Garin tsarkaka ne Kafanchan. Injinan ne kaɗai masu zunubi."

Kafin ya sa hannu cikin kwamfuta sai ya je ya dafa ƙarfen taga. Ya sha bayyana wa mutane cewa akwai 'yar wutar da ke taruwa a jikin ɗan Adam, wadda ke iya ƙona ƙananan kayan ciki, ita yake zubarwa. Su gyaɗa kai su ce sun gane, in ya fita su ce tsafin 'yan reluwe ne. Abin da ya fi tsana kuwa shi ne samarin nan da ke zuwa daga Kaduna da faifai a aljihu, kowace matsala su ce sai an wanke ta, wato a goge duk abin da ke ciki a zuba sabo. "Yaro na tari," in ji Kawu, "kai kuma ka ce a mayar da shi ciki a sake haifowa."

Na taɓa raka shi Kagarko. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne ya aiko cewa kwamfutarsa ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa. Muka sha hanya a motar haya har ƙasusuwanmu suka san juna. Muka tarar an taru a falo, uwargida da 'ya'ya da maƙwabta, kamar ana jiran likita. Kawu ya leƙa bayan kabad, ni ma na leƙa. Makunnin soket ɗin bango a kashe yake. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa. Ya ce a kawo masa ruwa, hankalin mutane ya koma ƙofa, ya danna makunnin da gwiwar hannu. Sannan ya kwance murfi, ya hura nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ɓata fuska, ya mayar ya kunna. "Ta ji jiki," ya ce, "amma za ta rayu." Aka yi tafi. Sai da maigidan ya rako mu bakin titi sannan Kawu ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan makunni bayan kabad. Ku riƙa gaisawa."

Ya iya rufa wa mutum asiri ke nan. Na faɗi wannan ne don kada a ce abin da ya yi wa iyayena rashin sanin ya kamata ne.

Yayana da ke aiki a Legas ya aiko wa Baba kwamfuta. Baba tsohon hedimasta ne, dattijo a ikilisiya, kuma ya daɗe yana tara waƙoƙin sujada na yarenmu daga bakin tsofaffi, yana son ya buga su kafin masu rerawar su ƙare. Falonmu na bukatar sabon soket da wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta. Kawu ya kawo abokinsa, wanda kowa ke kira Malam mai wayarin, Bahaushe, Musulmi, da suka hau turakun waya tare a reluwe tun suna samari. Ya yi aikin tsaf ya tafi.

Wanda bai zauna a Kafanchan bayan rikicin tamanin da bakwai ba, sai an gaya masa yadda garin ya koma. Ana gaisawa, ana ciniki, amma kowa na lura da ƙofar da ɗan'uwansa ya shiga. Malam ya sha wuya kafin gidajen Kirista su sake kiransa aiki, su ne kuma akasarin masu ba shi aikin, don rumfarsa a ɓangarenmu take.

To, kwamfutar Baba ta tsiro da hali. Lokacin bazara ne. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka sai ta sandare, haruffa su tsaya cak, ka danna duk abin da ka ga dama ba ta san kana yi ba, wani lokacin ma fuskarta ta yi baƙi. Duk abin da Baba ya buga tun safe ya tafi. Aka kai ta shagon Kawu, ta yi aiki daga safe har yamma ko atishawa babu. Aka dawo da ita gida, ta koma halinta. Kawu ya zo da jakarsa da mitarsa ya auna soket, ya auna wayar ƙasa, komai daidai. Ya zauna a falon ya ƙura mata ido har la'asar, ta yi ta aiki kamar 'yar makarantar da ta ga sufeto. Washegari da ba ya nan, ta sandare.

Baba ya koyar da lissafi shekara da shekaru, sai ya yi lissafinsa. A can tana aiki, a nan ba ta yi. Abin da ya bambanta nan da can shi ne bango. Wa ya taɓa bangon? Bayan taron dattawa, ana tsaye a farfajiyar majami'a, ya faɗi hakan, ya ƙara da cewa abin mamaki, waƙoƙin Ubangiji ne injin ke ƙin riƙewa. Na yi imani ƙorafi kawai yake yi. Amma kafin maganar ta isa kasuwa ta yi ƙiba: Bahaushen nan ya binne wani abu a bangon Hedimasta don kada a rubuta waƙoƙin Yesu.

Wanda ya ba Malam aikin sabon gida ya aiko ya ce a dakata. Wata ta sa aka tone soket ɗin ɗakinta a duba. Samari masu babur suka fara rage gudu a gaban rumfarsa, su kalla su wuce. Malam ya kwashi matarsa da yaransa ya tura su wurin ƙaninsa a Kasuwan Magani, ya ce ziyara suka je. A garinmu kowa ya san irin wannan ziyarar.

Ina zaune a shagon Kawu sai Malam ya shigo, ya ƙi zama.

"Injiniya, in kuskure na yi a aikin nan ka gaya mini, in je in gyara a gaban kowa."

"Aikinka ba shi da aibu. Na auna."

"To me ke kashe ta?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka yi sauri ka sani," in ji Malam. "Jiya an jefi rufin kwanona."

Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Duk zuwan da na yi gidan Hedimasta, da jaka na je. An san likita na tafe."

Washegari da tsakar rana Kawu ya zo gidanmu ba jaka, ba aike, ya shigo ta ƙofar baya. Mama na madafa tana dama gwaten acca. Bai ko gaishe ta ba ya wuce falo. Ina zaune ina duba takardun ɗalibai, Baba na bugawa da yatsa ɗaya. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

A gidajenmu duk abin da ke da daraja sai an yi masa sutura. Rediyo na da tasa, talabijin na da tata, Littafi Mai Tsarki na da tasa, har fulas ɗin shayi. To, abin da ɗan Mama na fari ya aiko daga Legas fa? Mama ta saƙa masa riga da ulu, ja da kore, da tuntaye a gefe, ta yi mata shafi da guntun tsohon bargo, ta sa leda a tsakani saboda ƙura da tururuwa. Rigar ta lulluɓe akwatin gaba da baya, ta haye kan allon, fuskar kawai aka bari a buɗe kamar mace ta ɗaura kallabi. Mu da ke gidan mun saba ganinta har mun daina gani. Duk ranar da aka ce Kawu na zuwa kuwa, ko za a kai ta shagonsa, Mama kan cire ta ta ninke ta ɓoye, don kada ya ɓata mata da baƙin man hannunsa.

Kawu ya cusa hannu ƙarƙashin ulun ya fizge da sauri.

"Hedimasta, taɓa nan."

Baba ya taɓa. Kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Akwai fanka a bayanta, da ita take numfashi. Kun ɗauki mai numfashi kun naɗe da bargo da leda a tsakiyar bazara. Ko kai aka yi wa haka, Hedimasta, kafin azahar ka manta waƙoƙin." Ya ɗaga murya. "Yaya! Zo ki ga abin da Bahaushe ya binne a bango!"

Mama ta shigo da ludayi a hannu. Ta dubi rigar a ƙasa, ta dube shi.

"Auta, wa ya ce ka cire? Ka san kwana nawa na yi ina saƙa wannan?"

"Ita ke kashe injin."

"Riga ne zai kashe inji? Tun da nake ban ji riga ya kashe komai ba."

"Yau kin ji."

Ya bar kwamfutar tsirara ta huce, ya kunna, muka zauna har rana ta yi sanyi. Ba ta tsaya ba. Ya mayar mata da rigar. Kafin a gama cin gwate ta sandare. Ya cire, ya jira, ya sake kunnawa. Babu wanda ya ƙara musu.

Baba ya yi gyaran murya. Mutum ne mai mutunci, kuma na ga kunya ta kama shi da gaske. "Injiniya, mun gode. Sai mu ce wani ɗan fis ne ya ƙone ka sauya. Maganar za ta mutu da kanta. Ai ka saba rufa wa mutane asiri."

"Na saba, in kunyar mutum ce kawai a ciki. Wannan akwai rufin kwanon wani. In na ce fis ne, za su ce abin da ke bangon ne ya ƙona fis ɗin. Inda ka faɗi maganar nan, can za ka je ka kwance ta."

"Kana so in tsaya gaban ikilisiya in ce matata..."

"Ina so ka ce riga ce."

"Ni na goye ka!" in ji Mama. "Ni na tauna maka abinci da uwarmu ya mutu. Yanzu saboda wani bare za ka sa matan zumunta su yi mini dariya har kabari?"

"Dariya za a yi miki, Yaya. Shi ba dariya ake shirin yi masa ba."

Ya sunkuya bayan tebur ya zare wayar da ke kai wa kwamfutar wuta, ya naɗe ta a hannu ya zura a aljihun riga.

"Me ke nan?" in ji Baba.

"Gyara bai ƙare ba. Ba na barin inji a hannun mai shi sai na gama."

Baba ya aike ni shagon Madam in sayo wata wayar. Ta ce ta ƙare. Ga su nan a rataye bayan kanta kamar kilishi. "Ka gaya wa Hedimasta ya ƙare," ta ce. "Injiniya ya riga ka zuwa."

Mama ta daina yi wa Kawu magana. Dangi suka yi ta zarya, kowa da irin nasa lallashin: ya duba girman yayarsa, ya duba matsayin surukinsa, ya bari ƙura ta lafa. Wasu a ikilisiya suka fara cewa daman Injiniya ya daɗe da zama ɗan koren Hausawa. Ya ji, ya ɗauki kujerarsa ya kai gaban rumfar Malam, nan ya koma shan shayinsa na safe, yana ɗaga wa masu babur kofi in sun rage gudu. Ranar Asabar ya aiko wa Baba cewa gobe lokacin sanarwa, in babu wanda ya tashi, shi zai tashi, kuma shi bai iya taƙaita magana ba.

Lahadi majami'a ta cika. Magatakarda ya karanta sanarwar aure da ta aikin gayya, ya tambaya ko akwai saura. Baba na zaune a layin dattawa yana kallon takalminsa. Kawu ya dafa bencin gabansa ya fara miƙewa.

"Zauna, Auta!"

Daga ɓangaren mata muryar ta fito. Mama ce a tsaye, da jakarta a hammata.

"Ni na saƙa, ni zan faɗa. Kai in ka fara sai mun kwana a nan."

Ta fito gaba, ta zaro rigar ta warware ta sama, tuntayen na lilo.

"Jama'ar Allah, ga abin da aka ce an binne a bangon gidanmu. Ba a bango yake ba, a kan kwamfuta yake, kuma ni na sa. Wai abin yana numfashi, ni ban sani ba, na toshe masa hanci. Malam mai wayarin bai yi mana komai ba sai aiki mai kyau. Wanda ya kai maganar kasuwa, ya koma kasuwa ya ɗauko." Ta ɗan tsaya, ta dubi matan zumunta ɗaya bayan ɗaya. "Amma saƙan ba shi da laifi. Wanda ya iya irinsa a nan ya ɗaga hannu."

Wata tsohuwa ce ta fara, can baya, sai dariya ta kama majami'ar gaba ɗaya, har fasto ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙa. Baba ya miƙe cikin hayaniyar ya ce shi ne ya fara faɗin maganar, ya kuma janye ta. Ba kowa ya ji shi ba, amma dattawan da ke gefensa sun ji, su ne kuma aka faɗa wa tun farko. Kafin yamma labarin ya zagaye gari. Ba mai iya ɗaukar dutse saboda rigar ulu ja da kore.

Da la'asar Kawu ya zo ya mayar da wayar. Mama ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta dangwarar masa da kwanon abinci har miya ta fantsalo.

"Ci, mai baƙin taurin kai."

Ya ci, ya side hannu, ya ɗaga kai ya dubi silin. "Yaya, na ga fitilar madafarki na kyaftawa. A kira Malam ya duba."

"Kai ba ka iya ba?"

"Na iya. Shi za ki kira."

Ranar Talata da hantsi Malam ya taho ta babban layi da tsani a kafaɗa, yana tafiya a hankali, mutane na zaune a ƙofar gidajensu. Ya shigo ta ƙofar gaba. Mama ta tare shi da kofin ruwa, ta tsaya tana murza gefen zane.

"Malam, ka yi haƙuri. Yaya iyali?"

"Suna hanya, Mama. Jibi za su dawo." Ya shanye ruwan ya miƙa mata kofin. "Ina fitilar take?"

Wannan shi ne mutumin da muka rasa. Ubangiji ya ta'azantar da matarsa da 'ya'yansa, da yayarsa da ta goye shi. Shi kuma Allah ya ba shi hutu, in zai yarda ya huta.